Wuyan Jitar Baba

Azare,
ranar Lahadi da yamma.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Kafin komai ka yafe mini wannan ƙarfin hali. Na san ba a saba ƙanwa ta ɗauki biro ta yi wa yayanta doguwar magana ba, balle ni da ko a gida ba na iya haɗa ido da kai. Na yi ta farawa ina yagewa, har Inna ta tambaye ni ko takardar makaranta ta zama kyauta. Ina fata kana lafiya. Yaya aikin koyarwa, yaya baƙunta a Katagum, yaya sauron bakin kogi? Allah ya tsare ka a inda kake, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kare ka daga sharrin hanya da na ruwa. Ba zan cika ka da labarin gida ba, kowa lafiya. Magana ɗaya ce ta sa na rubuto.

Ranar Alhamis maƙwabcinmu Malam Bulus na ofishin ruwa ya dawo daga duba rijiyoyin burtsatse a wajenku, sai ya biya ta shagon gyaran rediyon Baba a kasuwa. Na kai wa Baba abinci, saboda haka a kunnena aka yi. Ya ce ya same ka lafiya, har kifi ya fara karɓarka. Sannan ya ce malaman makarantarku sun sa wa jitar lantarkin da Baba ya ba ka suna, wai jita mai ƙyasfi, saboda wuyanta dabbare-dabbare ne. Ya ce wai har ka riga ka yi magana da wani kafinta, bayan kasuwa mai zuwa zai kankare wuyan da samfefa ya fesa masa sabon launi. Baba yana riƙe da ƙarfen narka dalma, bai ɗago kai ba. To ka san Malam Bulus ba ya riƙe magana. Sai ya ƙara da cewa ka ce da jitar tana da sauran kyau da ba a ba ka ita ba. A nan Baba ya ajiye ƙarfen a kan tebur maimakon mazauninsa, har katako ya fara hayaƙi. Abincin ma yadda na kai shi haka na dawo da shi.

Ba sai na gaya maka ba, Baba da Inna ba sa kama sunanka, kuma ba sa zama su yi hira da kai, tunda kai ne ɗan fari kuma sunan Kaka gare ka. Tun da ka tafi, sunanka a gidan nan ya koma “mutanen Katagum”. Inna takan ce ko mutanen Katagum sun samu gidan sauro, Baba ya ce mutanen Katagum ai ba yara ba ne. Jiya bayan la'asar ina aikin makaranta a tsakar gida, Baba ya shimfiɗa tabarma kusa da ni, ya buɗe cikin wata rediyo yana ta magana da ita. Ya ce a gidan nan akwai masu biro da takarda, amma ba abin da suka iya sai lissafi. Inna tana tankaɗe ta ce, “Malam, in wasiƙa kake so ka ce wasiƙa, ka daina wahalar da rediyon mutane.” Ya ce shi bai ce ba. Amma sai da ya ga na buɗe sabon shafi sannan ya fara. Saboda haka yawancin abin da za ka karanta nasa ne. Inda nawa ne zan faɗa.

Ya ce a Kano ya sami jitar, tun kafin ya yi aure, lokacin da yake kiɗa da wata ƙungiya a otal. Wannan kansa ban taɓa jin ya faɗa da bakinsa ba, a wajen mutane kawai nake tsinta. Ya ce a lokacin wuyan fari ne kamar kindirmo, da ɗan rawaya kaɗan kamar an ɗiga man shanu. Masu ƙera ta sukan zuba ɗan launi a cikin man sheƙin da suke fesa wa katakon, kuma man nan ba ya tsayawa yadda aka fesa shi. Hasken rana da hayaƙin taba da gumin hannu suna ta dafa shi a hankali, daga man shanu ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya koma ruwan zuma. Kan jitar, inda ake ɗaure tsirkiyoyi, ya fi ko'ina duhu, don shi ne kullum a fili. Ya ce in ba ka yarda ba ka kwance ɗaya daga cikin maɗauran tsirkiya da ke kan ka duba ƙarƙashinsa, za ka ga launin farko yana nan kamar jiya. Sai kuma ya ce a'a, in goge wannan, kar ka kwance komai, ka dai yarda. Ban goge ba.

Farin zoben da ya kewaye wuyan can sama kusa da kan jitar, ya ce kuskurensa ne na farko. Akwai wani mai jita a wata ƙungiya da duk inda ya yi kiɗa mutane sukan bar nasu su tafi can. Baba ya sa a ransa asiri ne. Ya je ya karɓo laya, ya sa baduku ya ɗinke ta da fata a wuyan jitar, ta zauna a nan shekara da shekaru. Da ya bar kiɗa ya dawo Azare yana neman auren Inna, ita kuwa 'yar malami, sai ya sa reza ya yanke layar ya jefa a masai, yana ganin shi ke nan an wuce wurin. Ashe duk shekarun da sauran wuyan yake nuna, ƙarƙashin fatar bai ga rana ba. Zobe ya fito fari tas. Ya riƙa shanya jitar a bayan ɗaki don zoben ya yi duhu, amma rana ba ta zaɓe, inda zoben ya ƙara sauran ma ya ƙara, tazarar tana nan.

Ya ce kada ka ɗaura wa wuyan komai, ko zare ko fata, kuma kar ka manna masa takarda mai sunanka kamar yadda samari suke yi. Duk abin da ka rufe yau, ranar da ka cire shi sai an ga wurinsa. Wancan mai jitar kuwa, Baba ya ce ba asirin da yake da shi, ya fi shi iyawa ne kawai, kuma sun yi shekaru a gari ɗaya bai taɓa zuwa ya zauna kusa da shi ya kalli yatsunsa ba. In ka ga wanda ya fi ka a Katagum, a kiɗa ne ko a gaban allo, ka je ka gaishe shi ka nemi wurin zama.

Yanzu nawa. Ka san labarin, tunda kai ka sa mini suna Uwar Toka, amma ban taɓa gaya maka abin da ke raina a ranar ba. Jajibirin Sallah ne, ina firamare. Inna ta tara mu muna goge ƙore da ludaya da toka da yashi, kuma a gidan nan ƙwaryar da ta fi fari ita ake yaba wa mai ita. An fito da kayan ƙarƙashin gado don a yi shara, sai na ga bakin wani buhu a buɗe, wani dogon katako ya leƙo, launinsa kamar tsohon ludayin da aka manta a bayan randa. Na ji tausayinsa. Na ce duk gidan nan ba wanda ya kula da kayan Baba sai ni. Na jiƙa soso na dangwali toka na kama tsakiyar wuyan, ina gogewa fari yana fitowa, ina jin daɗi.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na rungumi jitar na nufi zaure, inda Baba yake zaune da Malam mahaifin Inna da ya zo daga Shira yin Sallah. Na ce, “Baba, duba, na wanke maka.” Har yau in na tuna yadda zauren ya yi tsit sai in ji kamar in shige ƙasa. Malam ya dube ta sama da ƙasa, ya tambaya wannan garayar ta wace ƙasa ce. Baba ya ce aikin gyara ne wani ya kawo. Bai dake ni ba, bai ma yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Ban isa in yi maka nasiha ba, Yaya, amma abin da na koya ke nan: ba duk duhu ne datti ba, kuma kafin ka wanke abin wani ka tambaye shi. Kai baƙo ne a garin nan. Za ka tarar da abubuwa a makaranta da a unguwa da za ka ga kamar sakaci ne ya bar su haka. Ka yi tambaya tukuna. In kuma malaman nan suka sake yi maka dariya, ka ce musu babban tabon tsakiyar aikin ƙanwarka ne, ita ya kamata su yi wa. Ina nesa, ba zan ji ba.

Za ka ce ai tabon tsakiyar ba fari ba ne, ja ne mai duhu. To wannan kuskuren Baba ne na biyu, kuma shi ya fi so kafintanka ya ji. Bayan Sallah ya je wurin dukawa ya samo karan dafin da suke rina fata da shi, ya haɗa da ruwan lalle, ya karɓo man sheƙi wurin wani kafinta a bakin kasuwa. Ya yi ta gwadawa a guntayen katako, ya ƙara wannan ya rage wancan, har ya samu launin da ya yi daidai da na wuyan. Ya shafa, ya bushe. Ya ce ya miƙa wa Inna a hasken rana ta nemi wurin ta rasa, shi kuwa ya yi ta jin kansa gwani. Damina ta zo ta wuce, wurin ya fara ja kamar an tofa goro. Wata daminar ta zo, ya koma kamar busasshen jini. Sauran wuyan kuma yana can yana bin hanyarsa ta zuma.

Ya ce shi launin ranar ya auna, ya manta cewa duka biyun tafiya suke yi, kuma ba hanyarsu ɗaya ba. Da ya bar farin da na yi, da yanzu hannu da rana sun rage shi. Abin da kafintan Katagum zai fesa ma haka zai yi. Zai yi kyau wata ɗaya ko biyu, malamai su yaba, daga nan ya kama tasa hanyar da ba wanda ya san inda za ta kai shi. Kuma man kafintoci na ƙofa da kujera ne, yana da kauri, in zafi ya yi sai hannu ya riƙa mannewa yana ƙin gudu. Sautin jitar kuwa ba abin da zai ƙaru da shi.

Da ya zo nan sai ya juya wani ɗan ƙusa a hannu, sannan ya ce ƙaryar da ya yi wa surukinsa a zaure ma irin wannan shafen ce. Inna ta yi dariya, ta ce ai mahaifinta bai taɓa yarda ba, har ya rasu duk zuwan da ta yi Shira sai ya tambaye ta ko mijinta ya gama gyaran garayar nan. Baba bai san wannan ba sai jiya. Ya cire hularsa ya mayar. Ya ce in rubuta cewa in ka yi ɓarna ka bar ta a fili ka ce kai ne, don abin da za ka shafa ka rufe ta shi zai fi ta muni nan gaba.

Ya kuma ce in gaya maka yadda za ka kula da ita. In ka gama kiɗa ka goge wuyan da busasshen tsumma mai laushi, tsohon rawani ya fi. Ban da kananzir, ban da man gyaɗa, ban da sabulu. Ya kalle ni ya ce ban da toka. Kar ka rataye ta a jikin taga inda rana za ta riƙa dukan gefe ɗaya, kuma kar ka jingina ta a ƙasa da damina, don garinku akwai laima. In za ka haɗa ta da batirin mota da sifikar da Malam Bulus ya ara maka, ka duba wayoyin da kyau kafin ka kunna.

Na ɗauka ya gama, har na fara rufe biro, sai ya ce da saura. Wannan ɓangaren da ƙyar ya fito, kuma ni ma da ƙyar nake rubuta shi, don ban saba jin Baba yana faɗin irin wannan ba. Ya ce kana ƙarami ka taɓa jawo buhun nan ka ja tsirkiya ɗaya ta yi ƙara, shi kuma ya tsula maka eriyar rediyo a bayan hannu. Ya ce ba jitar yake tsoron ka ɓata ba. Ya sha wahala kafin mutanen Azare su daina ce masa mai jita su koma ce masa Malam mai rediyo, kuma ba ya so a ce da kai ɗan makaɗi a makarantar allo. Daga ranar ba ka sake zuwa kusa da gadon ba. Ka girma ka tsallaka gidan Malam Bulus, ka koya a jitar da suke kiɗa da ita a cocinsu.

Katangarmu da tasu ɗaya ce, Yaya. Duk abin da kake kaɗawa a can muna ji a nan. Baba ya ce akwai wata waƙa da ka yi wata da watanni kana tuntuɓe a wuri guda, kuma daga inda yake zaune ya san ƙaramin yatsanka ne ba ya kaiwa, ya san yadda za ka juya hannu ya kai. Inna ta ce ta sha ganin yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa yana yi maka gyara ta bayan katanga. Bai taɓa tashi ya zagaya ba. Ya bar maƙwabci ya koya wa ɗansa abin da ke hannunsa, kuma ko godiya bai yi wa Malam Bulus ba, don yin godiyar zai nuna ya sani.

Da takardar aikinka ta fito, ya ba wani direba saƙo ya sayo sababbin tsirkiyoyi a Kano. Ya kai jitar shago a cikin buhu, ya rufe ƙofa da rana tsaka ya ɗaura su, ya gyara wayoyin cikinta. Ranar tafiyarka ya jingina ta a zaure kusa da jakarka, ya fice kasuwa kafin ka fito wanka. Kai ka ga abu a zaure kamar an fitar da shara. Shi kuwa ya ce yana tsaye bayan teburin mai shayi a bakin tasha lokacin da motarku ta wuce, ya ga kan jitar ya leƙo ta taga, ka riƙe wuyan da hannu biyu don kar ya bugu. Bai ɗaga hannu ba. Ya ce in rubuta cewa in za ka ba mutum abu ka miƙa masa hannu da hannu, ka tsaya ya dube ka. Inna ta ce a ji mai wa'azi. 

Akwai wuri ɗaya da bai yi bayaninsa ba sai da na tambaya. A bayan wuyan, ƙasa da farin zoben, akwai wani ɗan kwari mai santsi, launin toka mai duhu, inda man sheƙin ya ƙare gaba ɗaya. Ina jin shi ne malamanku suka fi gani kamar datti. Na ce ko shi ma ni ce. Ya ce a'a, babban yatsansa ne ya ci wurin, shekarun Kano duka suna nan. Ya ce samfefa ba za ta ɗauki lokacin shan shayi ba za ta share shi.

Na tambaye shi to me zan ce maka, a kankare ko kar a kankare. Ya mayar da murfin rediyon ya ɗaure, sannan ya ce, “Ki rubuta wa mutanen Katagum jita tasu ce. In sun ga dama su kankare, ba mai ce musu don me. Ni dai da za a bar ta, ina so in ga inda babban yatsansu zai ci nasa wurin, ko sama da nawa ne ko ƙasa.”

Inna ta ce, “Malam, wannan ai sai an yi shekaru.”

Ya ce, “Na sani. Ai ba sauri nake ba.”

Ya naɗe tabarmarsa ya tafi masallaci, ko kiran salla ba a yi ba.

Iyakar abin da aka ce ke nan, Yaya, ban ƙara ba, sai dai na rage inda na kasa. Gobe kafin in wuce makaranta zan kai wa direban motar Katagum takardar nan, ina roƙon Allah ta riga kafintan. In ta tarar an riga an kankare, kar ka ɓoye, ka zo da ita da Sallah yadda take. Inna tana gaida mutanen Katagum, ta ce a riƙa tafasa ruwan sha. Baba bai ce a gaishe ka ba, amma ya tambaye ni sau da yawa ko ina da ambulan. Allah ya tsare ka dare da rana, ya sa albarka a aikinka da hannunka, ya dawo mana da kai lafiya.

In na wuce gona da iri ka yafe mini. Kuma ina neman izininka in sake rubuto maka. Ba sai ka ɗauki biro ba, ko direban ka gaya wa eh ko a'a ya ishe ni.

Ƙanwarka,
Hansatu.